Tikiti Yana Da Mai Shi, Kwata Ba Ta Da Mai Ita

Ga hadari ya fara haɗuwa a gabas, iska ta juya, manomi yana duban sama yana murna. Mu kuwa mutanen birnin Kano, masu kwana a lungu da masu neman abinci a bakin kasuwa, ƙasa muke dubawa. Muna duban kwatar da ta bi ta ƙofar gidajenmu da gindin teburanmu, gabanmu yana faɗuwa. Kowa ya san abin da ke cikinta: ledar ruwa, da ɓawon rake, da tsumma, da yashin da ya kwanta tun bara, da baƙin ruwan nan da ba ya tafiya ko'ina sai haihuwar sauro. Kowa kuma ya san abin da zai faru ran da aka yi ruwan farko mai ƙarfi. Abin da ba wanda ya sani shi ne, kwatar nan ta wane ne?

Ba wasa muke yi da wannan tambaya ba. Mun yi ta a wuraren da ya kamata a yi ta, ga kuma abin da muka samo.

A wata unguwa da wasunmu ke zaune, samari suka yi abin da suka saba yi kowace shekara. Suka bi gida gida suka tara ɗan abin da ya samu, suka ari shebur da manjagara da baro, suka fito ran Asabar ɗin ƙarshen wata da sassafe, lokacin da aka tsayar da zirga-zirga don tsabtar gari. Tsofaffi suka sa musu albarka, mata suka aiko da koko da ƙosai. Kafin rana ta take sun yashe kwata tun daga bakin masallaci har kwalbatin babban titi, sun tara taɓo da shara tsibi tsibi a gefen hanya. Aikinsu ya ƙare a nan, gama ba su da tifa, ba su kuwa da filin da za su kai. Tsibin nan ya kwana, ya yi mako, ya yi biyu. Awaki suka tona, yara suka tattake, babura suka baje. Ran da aka yi yayyafi, abin da aka fitar da gumi ya koma inda ya fito ba da gumin kowa ba.

Sai dattawan unguwa suka naɗa mutum uku su je su nemi mota. Suka je ofishi na fari, aka karɓe su da fara'a, aka ce ai kwashe shara a cikin birni ya koma hannun jiha. Suka je na biyu, aka ce su nasu manyan tituna ne, lungu na ƙaramar hukuma ne. Suka koma na fari, aka ce mai sa hannu ya tafi taro, kuma ko ya dawo babu mai a mota, in unguwa za ta sayi mai to a duba. Ba mu ambaci sunan kowane ofishi ba, domin ba mutum ɗaya muke ƙara ba. Duk mai karanta wannan takarda, daga Kurna har Sheka, daga Ɗorayi har Brigade, zai iya sa sunan unguwarsu a wannan labari, ba abin da zai canja.

To, 'yan'uwa 'yan kasuwa, ku gaya mana: ko mai yankan tikiti ya taɓa ɓatan hanya haka? Ko an taɓa yin safiyar da ya zo bakin teburinku ya tsaya yana waswasi, yana cewa bai tabbata ba ko wannan tebur na jiha ne ko na ƙaramar hukuma? Ko ya taɓa cewa yau ba zai karɓa ba, babu mai a babur? Kafin mai tumatir ya yi cinikin fari, kafin mai kura ya sauke jarkar farko, ya iso, da ɗan littafinsa a hannu. Wani lokaci ma su biyu ne ko uku, kowa da kalar takardarsa, wannan na wurin zama, wannan na shara, wannan na tsaro, wani kuma ba ya ba da takarda sam, hannu kawai yake miƙawa. Wajen karɓa an san iyakar kowa har taku ɗaya. Wajen aiki ne kaɗai taswira ke ɓacewa.

Bari mu yi ɗan lissafi irin na akawu, ba don mun ce haka kowa ke biya ba, sai don misali. A ce mai tebur yana ba da naira 100 kowace rana, kwana 6 a mako. A shekara ya ba da naira 31,200. A ce a 'yar kasuwar akwai tebur 500. A shekara an tara naira 15,600,000 daga wuri ɗaya tak, daga hannun mutanen da jarin wasunsu bai kai kuɗin buhun shinkafa ba. Kowa ya sa adadin da yake biya na gaskiya a gurbin namu, ya ƙirga teburan layinsu, ya buga. Sa'an nan ya ɗaga kai ya dubi kwatar da ke gabansa da bolar da ke bayansa, ya tambayi kansa ko ya ga aikin rubu'in wannan kuɗi.

Iyayenmu sun san haraji, sun kuwa sha wuyarsa. A zamanin En'e mai unguwa ke bi gida gida, dagaci ya tara, hakimi ya kai baitulmali, wanda ya kasa biya kuwa ya san abin da ɗan doka zai yi masa a gaban iyalinsa. Ba mu kewar wannan zamani, ko kusa. Don a kawar da shi ne mutane irin su Malam Aminu Kano suka tashi tun 1950, aka ɗaure na ɗaurewa, aka kori na kora. A 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a jihar Kano, talakawa suka yi ajiyar zuciya. Amma a faɗi gaskiya ko da a kan abokin gaba: En'e ba ta taɓa musun cewa garin nata ne ba. Da kuɗin baitulmalin Kano aka jawo ruwan famfo daga Challawa aka kawo lantarki a farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Duba-gari yana shiga gida ya leƙa randa, ya duba masai, ya duba makwarara, in ya ga ƙazanta ya kai mutum gaban alkali. Akwai zalunci a ciki, akwai cin hanci, tsofaffi suna ba da labari. Amma in kwata ta toshe an san ƙofar da za a buga. Yau harajin da aka kora ta ƙofa ya dawo ta taga, ya yayyanka kansa ƙanana ƙanana, ya zama tikiti. Da sau ɗaya ake biya a shekara, yanzu kullum ne. Ƙofar da za a buga ce ta ɓace.

Ga abin da doka ta ce, don kada wani ya ruɗe ku da Turanci. A 1976 gwamnatin soja ta yi gyaran da ya kafa ƙananan hukumomi iri ɗaya a ƙasar nan duka, a gurbin En'e. Yau su 774 ne, 44 daga ciki a jihar Kano. Tsarin mulki na 1999, a jadawalinsa na huɗu, ya jera ayyukansu ɗaya bayan ɗaya. A ciki akwai kafa kasuwanni da tashoshin mota da mayanka da bayan gida na jama'a, da kula da su. Akwai gina hanyoyi da lunguna da magudanan ruwa da fitilun titi, da gyaransu. Akwai kwashe shara da ƙazanta. Akwai maƙabarta, da sa wa tituna suna, da ba gidaje lamba, da rajistar haihuwa da mutuwa da aure. Akwai kuma hannu a makarantun firamare da kiwon lafiya. Watau kusan duk abin da talaka ke taɓawa daga fitowarsa gida har komawarsa, har ranar da za a kai shi makwanci, an rubuta shi a wannan jadawali. Ba alfarma ba ce ciyaman ke yi in ya aiko da tifa. Aikin da aka kafa kujerarsa dominsa ke nan.

To, me ya sa aka yi ta gara mutanenmu uku kamar ƙwallo? Dalili na fari shi ne garin ya girma ya fi rigar da aka ɗinka masa. Abin da muke kira Kano yau ƙananan hukumomi takwas ne suka raba shi: Birni, Dala, Gwale, Fagge, Nasarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo. A kansu kuma jiha ta kafa hukumominta, wannan ta kwashe shara, wannan ta tsara birni da ba da izinin gini, wannan ta gyaran tituna. Manyan kasuwanni irin su Kantin Kwari da Sabon Gari gwamnatin jiha ce ke naɗa masu gudanar da su. Dokar da aka yi a 1998 don raba wa kowane mataki irin kuɗin da zai karɓa ta ba ƙaramar hukuma kuɗin kasuwa, amma ta cire kasuwar da jiha ta sa kuɗinta a ciki. Ba mu ce kafa waɗannan hukumomi laifi ne ba. Gari mai miliyoyin mutane ba a share shi da tsintsiyar kansila ɗaya. Laifin shi ne ba wanda ya taɓa fitowa ya gaya wa talaka da Hausa cewa daga nan zuwa nan na wane ne, daga can zuwa can na wane ne. An bar iyakar a duhu, kuma duhun yana yi wa kowane ofishi amfani, gama in dambu ya yi yawa ba ya jin mai, in masu kwata suka yi yawa ba ta jin shebur.

Ruwa kuwa bai san iyakar Dala da Fagge ba. Gangare kawai ya sani. Mutanen da suka gina birnin nan sun fi mu sanin haka. Ƙasar da suka yi ganuwa da gidaje da ita a nan cikin gari suka haƙe ta, ramukan suka zama kududdufai, kusan kowace unguwa da nata. Mun taso muna ƙyamarsu saboda wari da sauro, da yaran da suke ci, kuma da gaskiyarmu. Amma kududdufi randa ce ta unguwa. In aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, shi ke karɓa ya riƙe, ƙasa ta sha a hankali, ragowar ta gangara Jakara. Jakara kuma, wadda ta taso daga cikin birni kusa da kasuwar Kurmi, kasuwar da Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa tun ƙarni na 15, ita ke ɗaukar ruwan ta fita da shi ta arewa maso gabas, ta haɗu da Getsi mai ɗauko dattin masana'antun Bompai, har su zube a dam ɗin Wasai a ƙasar Minjibir.

A idonmu aka cike kududdufan nan ɗaya bayan ɗaya. Da fari da shara, sa'an nan da ƙasa, sa'an nan sai a wayi gari an kafa harsashi, an yanka filoti, shaguna sun tashi. Wa ya sayar? Wa ya sa hannu? Talakan da ke maƙwabtaka da wurin ba a tambaye shi ba, sai dai ruwan da ya rasa masauki ya zo ya tambaye shi da tsakar dare. Wanda ya fasa randa bai tanadi tulu ba. Ba a gina magudanar da za ta ɗauki abin da kududdufi ke ɗauka ba, kwatar lungu mai faɗin taku biyu aka bar wa aikin. A zamanin mulkin Kwankwaso na biyu, tsakanin 2011 da 2015, aka fara babban aikin rufe Jakara da shimfiɗa titi a kanta har Kwarin Gogau. Gwamnati ta canja, aikin ya yi shekaru a tsaye, mutanen da ke zaune a bakinsa su suka san abin da suka gani a waɗannan damunai.

Ba yau ruwa ya fara yi mana gargaɗi ba. Manya suna tuna Agustan 1988, da aka yi ruwan da ya fasa dam ɗin Bagauda, gidajen ƙasa suka yi ta zubewa a birni da ƙauye. Na kusa kuma, a Agustan 2022, ruwa ya shiga Kantin Kwari, kasuwar da ake zuwa sari daga Nijar da Chadi da Kamaru, ya kwanta a cikin shaguna, ya jiƙa diloli na atamfa da shadda da leshi. 'Yan kasuwar da kansu suka nuna da yatsa, suka ce gine-ginen da aka dasa a kan layuka da hanyoyin ruwa su suka jawo. Babban ɗan kasuwa ya yi asara, ya girgiza, ya tashi. Amma yaron shago fa, da mai tebur a bakin layi wanda kayan da ke gabansa na amana ne, da ɗan dako da ya kwana uku ba aiki? Waɗannan ba a ƙirga su a cikin asara, ba a kuma kiransu taron jaje. Cunkoson da ke tare ruwa shi ne kuma ke tare motar kashe gobara. Wanda ya ga abin da wuta ta yi wa kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016, da dubban shagunan da suka zama toka, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Za a ce mana babu kuɗi. Wannan ita ce waƙar da aka fi rerawa a sakatariya, bari mu dube ta da kyau.

Bisa tsarin rabon da aka yi ta aiki da shi tun 2004, cikin kowace naira 100 da za a raba daga asusun tarayya, ƙananan hukumomi suna da naira 20 da kwabo 60. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, adadin nairorin da ake rabawa kowane wata ya ƙaru ƙwarai, ko da yake nairar ta rage daraja. Mu muka biya wannan ƙari, a gidan mai da cikin adaidaita sahu da wurin mai awo. Sai dai kuɗin ƙaramar hukuma ba ya zuwa mata kai tsaye. Tsarin mulki ya tanadi wani asusu na haɗin gwiwa tsakanin jiha da ƙananan hukumominta, a nan kuɗin ke sauka tukuna. Shekara da shekaru gwamnonin ƙasar nan, na kowace jam'iyya, suka mai da asusun nan rumbunsu. A yanki wannan, a yanki wancan, a ce aikin haɗin gwiwa ne, abin da ya rage a miƙa wa ciyaman ya biya albashi. A nan kam muna yi wa ciyamomi adalci: kaso mai yawa na kuɗinsu yana tafiya ne ga albashin malaman firamare da ma'aikatan asibitin sha-ka-tafi, kuma ba mu ce a taɓa wannan ba. Malamin firamare ɗan'uwanmu ne, a lungunmu yake haya, kwatarmu ce kwatarsa.

Ran 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da gwamnatin tarayya ta kai jihohi 36. Ta ce riƙe kuɗin ƙananan hukumomi da gwamnoni ke yi ya saɓa wa tsarin mulki, a riƙa biyansu kai tsaye. Ta kuma ce gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓun shugabanni ya naɗa kantomomi. Aka yi ta murna a rediyo. Shekara guda bayan haka, a Yulin 2025, jaridu suna ta ba da labari cewa har lokacin ana ta ja-in-ja kan yadda za a aiwatar, kuɗin bai fara shiga kai tsaye yadda kotu ta ce ba. Mu dai abin da muka ɗauka a ciki shi ne wannan: kotu mafi girma a ƙasar nan ta tabbatar kuɗin na ƙaramar hukuma ne. In ya iso hannun ciyaman, to ya nuna mana abin da ya yi da shi. In bai iso ba, ya fito ya faɗi wanda ya riƙe. Abin da ba za mu karɓa ba shi ne ya ce mana babu, ya kuma ƙi faɗin inda ya maƙale.

Mun san dalilin da ya sa faɗin ke yi masa wuya. Hukumar zaɓe ta jiha ce ke shirya zaɓen ƙananan hukumomi, gwamna ne kuwa ke naɗa ta. A 2018 da 2021 jam'iyyar APC, wadda ke riƙe da jihar Kano a lokacin, ta cinye kujerun ciyaman 44 duka. A watan Oktoba na 2024 jam'iyyar NNPP, wadda ke riƙe da jihar a lokacin, ta cinye 44 duka, da kujerun kansila 484 duka. Ko a gida ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya, ba a samun baki ya zo ɗaya haka. Ba Kano kaɗai ba ce, haka ake yi a kusan kowace jiha, kowa ya samu wuƙa ya yanka. Mutumin da ya san ba ƙuri'arka ce ta kai shi kujera ba, ba zai ji tsoron fushinka ba. Fuskarsa tana duban gidan gwamnati, ƙeyarsa ce ke duban unguwa.

Duk da haka kansila ba aljani ba ne. A mazaɓarmu yake kwana. Mun san gidan ubansa, muna haɗuwa da shi a wurin ɗaurin aure da jana'iza. Gwamna yana da 'yan sanda a ƙofa, kansila ba shi da kowa sai ƙannensa. Kuskurenmu shi ne mun saba zuwa wurinsa ɗaya ɗaya, da dare, kowa da takardar asibitinsa ko ta kuɗin makarantar ɗansa. Ya ba wannan dubu biyu, ya ba wancan haƙuri, kowa ya fita yana godiya ko yana zagi, kwata tana nan yadda take. Wanda ya karɓi dubu biyu da dare ba ya iya ɗaga murya da rana.

Kada kuma mu wanke kanmu tas. Akwai matan da ke jiran a fara ruwa su aiki yaro ya juye kwandon shara a kwata, wai ruwa ya tafi da ita. Ina za ta? Ƙofar maƙwabci za ta. Akwai mai shagon da ya zuba kankare ya rufe kwatar gabansa ruf don ya sami wurin baje kaya, ba ya barin ko kafar da shebur zai shiga. Akwai mai gidan da ya ci taku uku na lungu da dakali. Akwai mu duka da ke shan ruwan leda mu yar a inda muke tsaye. Wannan namu ne, kuma shugabannin layi da masu unguwa su tsaya a kansa ba sani ba sabo. Amma a lura da bambanci. Matar nan da ke zuba shara a kwata, in ka tambaye ta ina bolar hukuma mafi kusa, sau da yawa babu, ko kuwa tana nan ta cika ta tumbatsa har ta cinye rabin titi. Ba a hana mutum hanya sai an nuna masa wata. Kuma ita ba ta karɓi kuɗin shara a hannun kowa ba. Wanda ya karɓa shi ke da babban kaso na amsa.

Abin da muke nema ba ya bukatar kwangila, ba ya bukatar a jira Abuja. Muna so kowace ƙaramar hukuma a cikin birnin nan ta liƙa takarda a bangon sakatariyarta da ƙofar kowace kasuwa, da Hausa, boko da ajami, kowane wata: ga abin da ya shigo daga tarayya, ga abin da aka tara a kasuwanni da tashoshi, ga abin da aka biya albashi, ga abin da aka kashe a kowace mazaɓa da sunan aikin. Muna so a liƙa jerin kuɗaɗen da doka ta yarda a karɓa a hannun mai tebur da mai kura da mai shago, da adadinsu, don wanda ya zo da abin da ba ya cikin jerin a san sunan da za a kira shi da shi. Muna so jiha da ƙananan hukumomi su zauna su raba magudanan garin nan a rubuce, lambatu na wane, kwatar lungu ta wane, a ba kowane mai unguwa kofi. In unguwa ta sa ranar gayya ta sanar mako guda kafin nan, tifa ta zo a ranar, ba bayan sati uku ba. Sauran kududdufan da suka tsira kuma a bar su, a kewaye su don yara, a daina yanka su.

Masu cewa asirin ofis ne ba a nuna wa kowa, su sani zamanin nan ya wuce. Abin da ake ba kowace ƙaramar hukuma daga asusun tarayya ana buga shi, duk yaron da ke da waya mai intanet zai iya nemo na ƙaramar hukumarsu ya karanta wa mahaifinsa. Akwai kuma dokar 'yancin samun bayani ta 2011, wadda ta ba kowane ɗan ƙasa ikon rubuta wa ofishin gwamnati ya nemi a nuna masa takardun kuɗi, ta kuma ba ofishin kwana 7 ya amsa. An daɗe ana gardama ko ta hau kan jihohi, a 2025 Kotun Ƙoli ta ce ta hau.

Saboda haka ga abin da muke roƙon kowane ɗan'uwa ya yi tun daga gobe. Kada ka ba kowa ko kwabo sai ya ba ka rasit, ka duba ko akwai sunan hukuma da kwanan wata da adadi a jiki. Ba faɗa za ka yi ba, ba zagi, gaisuwa za ka yi ka ce a ba ka shaida. Kada ka yar da shi, ka sami gwangwani ko leda ka riƙa tarawa. Shugabannin layi su sayi littafi mai layi, su rubuta sunan layi da yawan tebura da abin da aka karɓa kowace rana. A unguwa kuma, in za a je wurin kansila a je da rana, mutum goma ko ashirin, da dattijo a gaba, da takarda a rubuce kofi biyu, ya sa hannu a ɗaya ku dawo da ita. A rubuta wurin da kwata ta toshe, da kwalbatin da ya karye, da ranar da kuke son mota. Mata masu sana'a a cikin gida, masu ƙosai da masu awara da masu ɗinki, su ma a sa sunayensu, gama ɗakinsu ruwa ke fara shiga, su ke kwana a tsaye da yaro mai zazzaɓi.

Wanda bai iya rubutu ba, ko yana shakkar yadda ake tsara takarda zuwa ofis, ya zo ofishin reshe mafi kusa da shi. Akawu yana zama kowace Asabar daga bayan azahar zuwa magariba, zai rubuta masa kyauta, ba sai ya nuna katin jam'iyya ba. A zo da rasit ɗin da aka tara, ko sun yage ko sun sha mai. Za mu haɗa lissafin kasuwa kasuwa, mu buga shi a wannan shafi kafin ruwan Agusta ya sauka, tare da sunayen mazaɓun da aka amsa takardarsu da waɗanda ba a amsa ba.